Yaron da Muka Hana Gudu

Ni ɗinki nake yi a gida, nan Fadaman Mada a Bauchi, kuma ina da wani tsohon littafi mai jan bango da nake rubuta awon masu kawo min kaya. Shafukan ƙarshe na yarana ne. Duk Sallah sai na ƙara layi: tsawon riga, hannu, kafaɗa, ƙugu. Da wani zai buɗe layin Abba ya bi da yatsa, da ya ga abin da ni mai rubutawa na kasa gani. Yana shekara bakwai ƙugunsa inci 24. Da takwas 26. Da tara 29. Babbar Sallar 2023, bai cika sha ɗaya ba, na zagaya tef na ga 33, har na sake aunawa don na zaci tef ɗin ne ya murɗe. Babansa 34 yake sawa. Dariya na yi, na ce saura ƙiris ku fara aron wando. Na ƙara rabin yadi a lissafin shadda na wuce wurin.

Abba ɗan fari ne, sunan kakansa ya ci, shi ya sa Hajiya surukata ba ta kiransa sai da Maigida. Duk wadda ta zauna gida ɗaya da uwar miji ta san matsayin uwa a kan ɗan fari. In kin nuna damuwa a ce ba ki da kara, in kin hana shi abu a ce kin sa wa yaro ido. A ɗakin Hajiya ya tashi, a can yake ci, a can yake kwana.

Tarin ya soma yana shekara shida, da hunturu. Da rana lafiya lau, sai dare ya raba ya tashi da busasshen tari, ƙirjinsa na wani siririn fito kamar kukan 'yar kyanwa. Muka ce sanyi ne. Aka sha zuma da citta, aka shafa man zafi, aka jibga rigar sanyi. Da abin ya ƙi, babansa ya je kemis ɗin bakin layi aka haɗo masa maganin ruwa da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a leda, ba kwali ba suna. Kamar yankan wuƙa. Kwana biyu yaro ya warware. Shi ke nan muka samu hanya, da an ji fiton nan sai a aika kemis. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne duk sanda ya sha ƙwayoyin sai ya kama ci kamar gara, kumatu su cika. Mu kuwa murna muke, jiki ya dawo.

Mun lura in ya yi gudu abin na tashi, sai muka yi abin da ya fi sauƙi, muka hana gudun. Babansa ya je makaranta ya roƙa a cire shi daga wasan motsa jiki da shara. Aka ɗaukar masa ɗan acaba na wata, alhali makarantar ba ta kai tafiyar minti ashirin ba. La'asar yara na buga ƙwallo a filin bayan masallaci, shi yana kan tabarmar Hajiya da wayarta a hannu. Ita kuma tausayinsa take ji, tausayin kaka kuwa a kwano yake fita. Da safe masa shida da sukari, kun dai san mu da masa a Bauchi, ga shayi mai kauri. In ya dawo makaranta a aika a sayo lemon kwalba mai sanyi. Da dare bayan tuwo ya ce bai ƙoshi ba a dafa masa indomi da ƙwai biyu. Baƙi in sun zo sai su ce tubarkalla, ɗan hutu ke nan.

Wata maƙwabciyarmu nas ta taɓa ce min asma ce, a kai shi asibiti a ba shi abin shaƙa. Da na kai maganar, Hajiya ta ce kul. Wanda ya fara shaƙar inhela, in ji ta, da ita zai mutu, ba ta yarda a mayar mata da Maigida musaki ba. Ni ma a raina haka na ɗauka, don haka na ji ana faɗa tun ina yarinya.

Daren da ya sauya komai a watan Disamban 2023 ne, hazo ya rufe gari kwana uku ba a ga rana sosai ba. Wajen ƙarfe biyu Hajiya ta buga mana ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tarar da shi zaune bakin katifa, ya dafe gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Ramin nan na ƙasan maƙogwaro yana lotsawa duk jan numfashi. Ya so ya ce Umma, sai da ya raba kalmar biyu. Igiyar leko na ci a kusurwa, tagogi a rufe ruf saboda sanyi, ga ƙamshin turaren wutan da aka yi da magariba bai gama fita ba. Ƙwayoyin kemis ya sha tun yamma, ba su yi komai ba. Abin da ya fi tsorata ni, fiton da na saba ji ya ragu. Na zaci sauƙi ne. Daga baya aka gaya min iskar ce ba ta shiga yadda za ta yi ƙara.

Maƙwabci ya fito da mota. A ɗakin gaggawa na yara aka maƙala masa abin auna oksijin na jini a yatsa, na ga 89, nas ɗin ba ta ce komai ba ta jawo oksijin. Aka sa masa abin rufe hanci da baki mai fitar da magani kamar tururi, sau uku, minti ashirin-ashirin a tsakani. Sai a na uku ya iya cewa yana jin ƙishirwa. Kwana biyu muka yi. Da za a sallame mu aka rubuta mana ranar ganin likitar yara, aka ce mu zo da duk wani magani da ya taɓa sha, ko ledarsa ce.

Ranar muka yi sammako, aka ciro fayil, muka bi layi. Kafin ganin likita sai an bi ta teburin awo. Ya cire takalmi ya hau sikeli: kilo 52. Ya jingina da bango aka sauko da katako kan kansa: santimita 144. Ina zaune ina kallon sauran yaran, yawanci sirara, wasu ma tamowa ce ta kawo su, ƙafafu kamar sillen kara. Allah Ya yafe min, har wani daɗi na ji a raina cewa nawa ya fi kowa cika ido. Mu nan da rama muka san ciwo. Sai daga baya ƙanwata mai karatun nas ta turo min alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a 1990 kashi 8 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20, kuma miliyan 160 daga cikinsu teɓa ce sosai. Ashe ba 'ya'yan Turawa kaɗai ake nufi ba.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba. Ta zazzage ledar magunguna kan tebur, ta ɗauki fararen ƙwayoyin ta juya, ta ce wannan prednisolone ne, sau nawa yake sha a shekara? Na ƙirga da yatsa na ce ba zai gaza bakwai ko takwas ba, wani lokacin har sati biyu a jere. Ta ajiye biro. Ta ce maganin na gaske ne, su ma sun ba shi a ɗakin gaggawa, amma na 'yan kwanaki ne bisa awo. In ana maimaita shi haka yana buɗe ciki, ya tara kitse a tumbi da fuska, yana ma iya tauye tsawon yaro. Danginsa ne wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba.

Sai tambayoyi. Sau nawa tari ke tashinsa a mako? Yana minshari? Yana kukan ƙwannafi? Akwai mai asma ko yawan atishawa a dangi? Da me ake girki? Janareta a ina yake? Ana fesa fiya-fiya? Akwai kafet, akwai mage, akwai kyankyaso? Kusan komai sai na ce eh, har kunya ta kama ni.

Ta ɗauko wani ɗan bututu mai lambobi a jiki, ta ce ya miƙe tsaye, ya cika ƙirji, ya busa da ƙarfi lokaci ɗaya kamar zai kashe fitila daga nesa. Sau uku. Mafi yawa 210. Ta ce mai tsawonsa ana sa ran ya haura 300. Ta ba shi shuɗiyar inhela ya shaƙa, ta ce mu fita mu jira kwata. Da muka dawo ya busa 280. Ta ce to wannan ne shaidar asma, hanyar iska ta tsuke kuma magani ya buɗe ta. Ba kowane yaro mai jiki da ke haki ne mai asma ba, wani nauyin ne kawai ke gajiyar da shi, shi ya sa ba a yanke hukunci da ido.

Daga nan ta koma kan nauyi. Ta lissafa kilo da tsawo a waya ya ba da 25, ta buɗe wata takarda mai lanƙwasassun layuka ta ɗiga biro can sama da layin ƙarshe. Ta ce tsaka-tsakin sa'anninsa wajen 17 ne. "Maman Abba, yaron nan teɓa gare shi, kuma tana cikin abin da ke hana shi numfashi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce likita, ƙiba ai halitta ce, dangin babansa duk haka suke. Ba ta yi musu ba. Ta tambaye ni sana'ata, na gaya mata. Ta ce, "Kin taɓa ɗinka wa mace riga ta matse ta a ƙirji? Ya take yi in ta sa?" Na ce ba ta iya jan numfashi, sai ta dawo da ita a buɗa. Ta ce to shi a cikin irin wannan rigar yake kwana yake tashi. Akwai wani faifan nama tsakanin ƙirji da ciki, shi ke sauka ya jawo iska cikin huhu. In kitse ya cika ciki ba ya samun wurin sauka sosai, ga na ƙirji ya danne daga waje, sai huhu ya riƙa aiki a takure, ƙananan hanyoyin iska su ƙara matsewa, musamman in ya kwanta. Ban da wannan, kitse ba ajiya ba ce da ke zaune shiru, yana sakin wasu sinadarai cikin jini masu rura kumburi, ita asma kuwa dama kumburin hanyoyin iska ce. Shi ya sa yara masu teɓa suka fi yawan kamuwa, tasu ta fi yawan tashi, kuma maganin kariya ba ya kama su da sauri kamar sirara. Ƙwannafi da minsharin ma duk suna ƙara wa dare wahala.

Na ce to ƙibar ce ta jawo masa ke nan? Ta ce hanyar biyu ce, wani ƙiba ke riga zuwa, wani asma. A zuwa na biyu na ɗauko mata jan littafina. Ta bi layin da yatsa, 24, 26, 29, 33, ta tambayi shekarar da aka fara zuwa kemis da shekarar da aka hana shi ƙwallo. Ba sai ta ce komai ba. Da hannunmu muka ɗinka rigar.

Abin da na zata za ta ce shi ne a hana shi abinci ya rame. Ta ce sam. Yaro ne mai girma, ba a sa shi yunwa. "So nake nauyin ya tsaya inda yake, tsawo ya zo ya tarar da shi." Kuma ba za a fara da gudu ba, sai an fara gyara numfashi, don yaron da ya san gudu na shaƙe shi ba zai yi ba ko an doke shi.

Inhela biyu ta rubuta. Mai ruwan ƙasa, beclometasone, ita ce ta kariya, safe da dare kullum, ko yana lafiya ko ba ya lafiya, kuma ya kurkure baki bayan ya shaƙa don kada farin ƙuraje su fito masa a harshe. Shuɗiya, salbutamol, ta buɗe hanya ce in abin ya taso, da kuma fesa biyu kamar minti goma sha biyar kafin wasa. Na kawo maganar Hajiya ta cewa ba a bari. Ta ce ba ta sa maye, ba ta sa sabo. Abin da ke cikin fesa ɗaya ɗan mitsitsi ne kuma huhu yake zuwa kai tsaye, ƙwayar da muka ɗauka mai sauƙi ita ce ke bin jini ta zaga jiki duka.

Sai batun gora. Ta ce yara ba su iya daidaita fesawa da jan numfashi, rabin maganin a harshe yake tsayawa. Akwai robar da ake sayarwa don haka, amma in babu hali gorar ruwa ta rabin lita ta wadatar, likitoci a Afirka ta Kudu sun gwada ta a kan yara sun ga tana aiki. Da muka koma gida na zana bakin inhela a gindin gora da biro, na ɗora ƙusa a wuta ta yi ja, na bi zanen a hankali har ya fita, na cusa inhela ta zauna daram. Na wanke da ruwan sabulun wanke-wanke na bar ta ta bushe da kanta, ba a goge cikin da tsumma. Yadda ake yi: a girgiza inhela, ya kama bakin gorar da leɓe ya rufe, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar, sannan a sake. Uku na yi, ɗaya ɗakin Hajiya, ɗaya jakar makaranta, ɗaya ajiya. Babansa na dariya ya ce yau ga inda karin maganar nan ta zo daidai, ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya ce babban aiki. Ni ba zan iya ba, babansa ma kame-kame yake. Dabarar da ta yi aiki, muka tafi da ita asibiti a zuwa na biyu. Likitar ta taso daga kujera ta rusuna ta gaishe ta, ta ce, "Mama, yaron nan a hannunki yake, ke zan damƙa wa maganinsa. Bayan Asuba da bayan Isha." Tun daga ranar inhela mai ruwan ƙasa ta koma cikin jakar carbinta, kuma ba ta taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Igiyar leko ta tafi, gidan sauro ya zo. Aka naɗe kafet, aka mayar da janareta bayan gida. Turaren wuta dai ta ce sai dai a yi shi a tsakar gida in ba ya nan, aka bar ta a haka.

Abinci ya fi wuya. Ba a ware yaro ɗaya a ce shi kaɗai ba zai sha lemo ba, sai gidan duka ya canza, ƙannensa mata suka yi ta ƙunƙuni wai laifin Yaya ya shafe su. Kwalbar rabin lita ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi goma, shi kuwa kullum yake shan ɗaya. Muka mayar da shi ranar Juma'a kaɗai. Zoɓo ni nake haɗawa, sukari kaɗan. Masa ta koma uku, da miyar taushe. Indomin dare ta zama gwanda ko kankana ko kwaɗon zogale. Tuwo ban rage masa sosai ba, miyar ganye na ƙara. Sau biyu ina kama Hajiya da fanke ƙulle a gefen zani, na yi kamar ban gani ba.

Bayan wata ɗaya tarin dare ya ɗauke, aka ce ya fara motsi, burin a kai awa ɗaya a rana. Muka sallami ɗan acaba, ya bi yaran layi da ƙafa, takunkumi a hanci saboda ƙura. Ranar farko da ya je filin ƙwallo ni na fi shi tsoro, na tsaya a zaure kunnena na waje. Gola suka sa shi. Ya dawo da kuka, ba don numfashi ba, wai suna kiransa buhun masara. Kwana huɗu ya ƙi fita. Babansa ne ya fara tashinsa bayan Asuba su zaga unguwa, ranar Asabar kuma su tafi wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa su taka. Shi ma uban tumbinsa ya amfana. Sai da aka yi wata biyu kafin ya koma filin bayan masallaci da kansa.

Kuskuren da na yi da damina ne. Kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabo kamar komai, yaro kuma garau, wata uku ko tari babu. Da ta ƙare a watan Agusta na ce a dakata sai an ga hali. Sati uku tsakani fiton ya dawo, shuɗiyar ta koma aiki kusan kullum, ya daina zuwa fili, sikeli ya nuna ƙarin kilo biyu. Likitar ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce rage magani aikinta ne, kuma a hankali ake yi in an ga wata uku lafiya, ba a yanke shi rana ɗaya. Hajiya kuwa da ta ji ni ce na hana saye, ranar na sha faɗa. Ita da ta ce kul.

A watan Janairun 2025 muka koma awo. Kilo 51, santimita 150, busa 340. Ɗigon biron ya sauko ƙasan layin ƙarshe da kaɗan, har yanzu yana cikin masu nauyi, ba a ce an gama ba. Asmar ma tana nan, hunturun nan sau biyu ta motsa, amma a gida aka kashe ta da gora, ba mu kwana asibiti ba, ba a kuma aika kemis ba.

Ana saura mako biyu ƙaramar Sallah na kira shi awo. Ya zo daga fili, ƙafa duk ƙura, gwiwar wandon makaranta a yage. Na zagaya tef: 30. Na rubuta a ƙarƙashin 33. Wandon Sallar 2023 na nan a akwati, shaddar ba ta mutu ba, sai na ɗauko shi na kama ƙugu, na kwance kalmasar ƙafa na sauke inci biyu. Hajiya na zaune tana kallo. Ta ce an dai ramar mata da Maigida. Sannan ta laluba jakar carbi ta ce ya zo, an kira Isha.